Yadda ake haɗa amalanken injin walda da wurin ajiye kayan aiki a shago

Toh 'yan uwa masu sana'ar walda, yau maganar amalanke zamu yi, wanda zaka ɗora injinka a kai ka riƙa tura shi duk inda aiki yake, tare da wurin rataye kebul da na zuba ilaktirod da na giranda da sauran tarkacen da kullum suke zube a ƙasa. Abin da yake damuna shi ne mu ne muke yi wa mutane ƙofa da taga da gado da tanki masu kyau, amma ka leƙa shagon da yawa daga cikinmu sai ka tarar inji na zaune a ƙasa cikin ƙura, kebul ya kanannaɗe yara suna bi ta kai suna takawa, fakitin ilaktirod a buɗe yana shan raɓa, giranda kuma an kifa ta a kan faifanta. Inji yanzu ba arha ba, kebul ɗin ma ba arha ba, kuma ƙarfen da zaka kashe wajen wannan aikin bai wuce angul biyu ba, wato ƙarfe mai kusurwa kamar harafin L, da 'yan guntaye da kake dasu a lungun shago.

Kafin ka taɓa ƙarfe ka ɗauko tef ka auna injinka tukuna. Wannan shi ne tushen aikin gaba ɗaya, dan amalanken wani ba lallai ya yi maka ba, kowa da irin injinsa da irin wurinsa. Ka auna tsawo da faɗi da tsayi, ka duba ta ina fanka take jan iska ta ina take fitarwa, ka duba ta ina kebul yake fita, gaba ne ko gefe, sannan ka san nauyinsa ko da a ƙiyasce ne. Inbata, wato ƙaramin injin walda na zamani mai allon lantarki a ciki, yawanci bata wuce kilo 5 zuwa 10 ba, da hannu ɗaya ake ɗaukarta, amma injin tiransifoma irin na da, ko na haɗin gida mai koyil, wani sai mutum biyu ko uku sun kama. Wannan bambancin shi zai faɗa maka inda inji zai zauna. In inbata ce sama zata hau, nesa da ƙasa inda garin ƙarfe yake taruwa. In mai nauyin ne dole ƙasa, dan duk abin da ka ɗora nauyinsa a sama toh ranar da taya ta ci karo da dutse kifewa zai yi, kamar dai buhun masara da aka ɗaure a kan kariyar keke can sama, kwana ɗaya zaka sha ya tafi da kai. Sannan ka auna faɗin ƙofar shagonka, kar ka gama aiki amalanke ya ƙi fita.

Ni lissafin da zan bayar anan na wanda yake da inbata ne kuma yana so ya ɗora tukunyar gas a baya, ko ta oksijin ta yankan ƙarfe ko ta agon ga masu TIG, wato irin waldar da ake yi da gas yana kare wurin da ake likewa. Firam ɗin ƙasa tsawo santimita 90 faɗi 50, shelf ɗin sama 60 da 50, ƙafafu huɗu masu tsayin 60, ragowar santimita 30 na baya kuma na tukunya ne, tunda babbar tukunya faɗinta wajen santimita 23 ne. In baka aiki da gas ka cire wannan 30 ɗin kawai ko ka mayar da wurin na bokitin yashi da abin kashe gobara.

Kayan da zaka nema: angul mai inci ɗaya da rabi, wato 40 da 40, kaurin milimita 3, guda biyu. Kowanne ana cewa mita 6 ne amma ka auna a gaban mai kaya dan wasu basa cika, kuma ka duba kaurin da idonka dan akwai mai laushi da ake sayarwa da sunan 3 alhali bai kai ba. Idan ka lissafa firam ɗin ƙasa da sanduna biyu na tsakiya da na sama da ƙafafu, wajen mita 8 da rabi zasu ci, ragowar ya ishe ka madafar tukunya, wato abin da zai riƙe tukunyar gas ɗin, da 'yan ƙananan abubuwa. Sai filet, wato fallen ƙarfe, mai milimita 1.5 ko 2 na shimfiɗa, rodi mai milimita 10 ko 12 na ƙugiyoyi, rodi mai santsi 16 ko 20 na gatarin taya, wato sandar da tayoyin baya zasu riƙa juyawa a kai, guntun fayif na hannu, taya manya biyu, kasta biyu, wato ƙananan tayoyi masu juyawa ta ko'ina, kuma in da hali masu birki, sarƙa, bol da noti da wasa, wato zoben ƙarfen da ake sawa kafin noti, katako ko tsohuwar roba, da fenti. In kana Kano ka shiga Ƙofar Ruwa, in Kaduna kake Panteka, in Yamai ne Katako, kuma kar ka raina wajen 'yan gwangwan, sau da yawa a can zaka samu taya da sarƙa da guntun filet masu kauri fiye da sabo kuma da sauƙin kuɗi. Abu ɗaya dai, in ƙarfen mai ruwan azurfa ne irin fayif ɗin ruwa na galbanaiz, ka goge wannan rufin da giranda a wurin da zaka yi walda kuma ka yi a fili inda iska take kaɗawa, hayaƙinsa fari yana sa zazzaɓi da ciwon kai da daddare, ba abin wasa bane.

Yankan ƙarfe da haɗa firam ɗin ƙasa

Ka yanka biyu masu 90 biyu masu 50. Wajen haɗa kusurwa hanya biyu ce, ko ka yanka bakin kowanne a karkace digiri 45 su haɗu, ko ka fece leɓe ɗaya na gajeren ya shige cikin dogon. Ni na fi son fecewar dan tafi sauƙin daidaitawa da giranda kuma bata barin rata mai faɗi da zaka zo kana cikewa. Ka kwantar da angul ɗin yadda leɓe ɗaya yana ƙasa yana kallon ciki ɗayan yana tsaye, kaga ya zama kamar tire, filet zai zauna a ciki kuma kaya baza su zame su faɗo ba in kana turawa.

Ka nemi wuri mai lebur, in teburinka ya lanƙwashe gara ka yi a kan daɓen siminti mai kyau. Ka jera su, ka sa sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, a kowace kusurwa, ka matse da kilam, sai ka ɗiga walda ɗan tak a kowace kusurwa, ɗigo ɗaya kawai. Daga nan ka ɗauki tef ka auna daga wannan kusurwa zuwa wadda take can ƙetare, ka sake auna ɗaya ƙetaren. A firam na 90 da 50 kowanne zai baka wajen 103, kuma dole su zo daidai da juna. In ɗaya ya fi tsawo ka tsayar da firam ɗin a kan wannan kusurwar ka ɗan buga da guduma har su daidaita, yanzu da yake tak ne kawai zai bi ka, amma in ka riga ka zuba walda shikenan sai dai ka yanka. Yara masu koyo anan suke yawan gaggawa, oga ya juya baya sun cika kusurwa ɗaya da walda har ta yi ja, ƙarfe ya ja gefe guda, a ƙarshe amalanke yana tafiya da taya uku ɗaya na lilo a sama. Dan haka ko wajen cikewa kar ka gama kusurwa ɗaya ka koma ta kusa da ita, ka yi wannan ka tsallaka ta ƙetare, ka bari ya ɗan huce, ka juya firam ɗin ka yi bayansa. Ilaktirod geji 12, wato mai milimita 2.5, irin 6013 da kowa yake amfani da shi, ya wadatar a kan ƙarfe mai kaurin 3, wuta tsakanin amfiya 70 zuwa 90, ka gwada a guntu tukuna dan lambar da take jikin wasu injinan bata faɗin gaskiya.

Sai sanduna biyu na tsakiya, ɗaya a daidai santimita 60 daga gaba inda ƙafafun baya zasu tsaya, ɗaya kuma a tsakiyar wurin kaya dan filet kar ya lotsa.

Taya, anan nake so mu daɗe kaɗan

Mafi yawan amalanken da suke mutuwa ta taya suke mutuwa. Mutum zai yi firam mai ƙarfi sai ya je ya sa masa 'yan ƙananan tayoyin kujerar ofis, kuma shagonmu ba tayil bane, ƙasa ce da tsakuwa da guntun ilaktirod da rami, wani ma a bakin titi yake aiki kullum sai ya fito da inji da safe ya mayar da yamma ya haura dakali. Ƙaramar taya ko guntun rodi ta taka tsayawa zata yi cak. Na baya su zama manya, inci 8 zuwa 10 ko sama, kuma na roba tauri wadda ba a hura mata iska, dan mai iska tartsatsi da ƙusa baza su barta ba. Tayar baro ma tana yi in ka samu mai tauri. Wasu suna sa tsohon boris na mota a matsayin taya, a kan siminti mai santsi yana tafiya, amma a ƙasa nutsewa yake kuma ƙararsa da girgizarsa ba su da kyau ga inbata mai allon lantarki a ciki.

Inda zaka sa gatarin baya shi ne babbar magana in akwai tukunya. Babbar tukunyar oksijin tana haura kilo 50, in ka sa gatarin a gabanta toh ranar da ka sauke inji daga sama gaban amalanken zai ɗaga ta tafi da baya. Ka sa gatarin a daidai ƙarƙashin tsakiyar tukunyar ko ma ka ɗan matsar da shi baya kaɗan. Ka yi wa rodin walda a ƙasan firam, ka zura wasa, ka zura taya, ka sake zura wasa, sai ka huda bakin rodin ka sa fin ko ƙusa ka lanƙwasa, kar ka like wasan da walda dan wata rana zaka so canza taya. Kuma tunda tayoyin suna waje da firam, faɗin amalanken ya ƙaru, ka tuna da ƙofar da ka auna.

Na gaba kasta ne masu inci 4 ko 5. Ka yanka filet mai kauri kamar milimita 4 ko 5 ka like a kusurwoyin gaba, ka huda, ka ɗaure kasta da bol. Kar ka yi wa kasta walda kai tsaye, zafi yana narkar da girisin ciki ya ƙona roba, kuma in ta lalace sai ka sa giranda. Tunda na baya sun fi na gaba girma sai ka auna bambancin ka cike da guntun fayif mai kusurwa huɗu tsakanin firam da kasta har amalanken ya tsaya daidai. Sannan duk lokacin da kake walda a jikin amalanken bayan ka sa taya, ka maƙala at ɗinka, wato bakin kebul ɗin da ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda, kusa da inda kake aiki, kar wuta ta bi ta cikin boris ɗin kasta, tana cinye 'ya'yan ciki.

Ƙafafu da shelf ɗin sama

Ka haɗa firam ɗin sama na 60 da 50 yadda ka yi na ƙasa, ƙetarensa zai baka wajen 78. Ka tsayar da ƙafafu huɗun a ciki da tak, kowace ka duba ta da sikwaya ta fuska biyu ba ɗaya ba, ka ɗora na saman, ka sake aunawa, sannan ka cike. In kana so ya ƙara tsauri ka sa 'yan filet masu kusurwa uku a inda ƙafa ta haɗu da firam, musamman na baya da tukunya zata jingina.

Yanzu maganar iska. Na sha ganin wanda ya yi wa inji akwati ya rufe ko'ina da filet wai dan ƙura da ɓarayi, niyyar mai kyau ce amma inji yana dahuwa a ciki, ga zafin watan Afrilu ga zafin aiki, sai ka ga fitilar zafi ta kama yana yankewa kowane ɗan lokaci, daga baya ya ƙone. Gaban inji da bayansa su zauna a buɗe, kuma in ka tsayar da amalanken ka bar kamar santimita 30 ko fiye tsakaninsa da bango. In dole sai ka rufe saboda tsaro, ka yi da waya mai raga ko ka jera rodi kamar na taga. Ka shimfiɗa roba ko katako a ƙarƙashin injin, ka like 'yan guntayen angul a gefe huɗu su tare ƙafafunsa, ka ɗaure shi da bel ta sama. Masu injin haɗin gida ku kuma katako mai kauri dole ne, ba zaɓi bane, dan da yawa bakin wayoyinsu a tsirara yake, kuma ku bar rata tsakanin koyil da ƙarfen amalanke ta kowane gefe, in ya matsu da ƙarfe zaka ji yana kaɗawa yana gurnani yana ɗumama shi. Ka sa mai gyaran wuta ya duba maka ya haɗa jikin amalanken da wayar ƙasa ta tsaro, kuma kar ka taɓa mayar da amalanken ya zama shi ne hanyar at na walda.

Hannun turawa ka sa shi a ɓangaren kasta, fayif mai inci ɗaya, tsayin ya zo maka daidai ƙugu yadda baza ka sunkuya ba.

Madafar tukunya

A kan ƙafafun baya ka ƙara angul biyu su hau sama, ka gitta musu guda a kwance, sai ka lanƙwasa falat ba, wato sandar ƙarfe mai lebur, ya yi rabin da'ira yadda tukunyar zata kwanta a ciki, ko ka yi shi kamar harafin V da guntaye biyu. Sarƙa ta kama ta a wajen kashi biyu cikin uku na tsayinta, in ka ƙara ta biyu a ƙasa ya fi. Gefe ɗaya na sarƙar ka like, ɗayan ka yi masa ƙugiya ko tsaga da zai shiga ya matse. Igiya ko tsohuwar tub ba su isa ba, tartsatsi ɗaya ya cinye su. A ƙasa ka like zobe ko guntayen angul da zasu tare gindinta. Tukunya a tsaye take zama kullum, barin ma ta asitilin, gas ɗin da ake haɗawa da oksijin wajen yankan ƙarfe. In zaka yi tafiya mai nisa da amalanken ka kulle bawul ka cire geji, wato ma'aunin gas da ake ɗaurawa a bakin tukunya, ka mayar mata da hularta. Mai da giris kar su kusanci bakin tukunyar oksijin ko gejinta, ko da a hannunka ne ko a tsumma, suna iya kamawa da wuta ba tare da ashana ba, dan haka gwangwanin giris bashi da wuri a wannan ɓangaren. Kuma dan Allah kar ka yi ko ɗigon walda a jikin amalanken alhali tukunya tana kai, ka sauke ta ka kai ta nesa, ka zura roba ko tsohon tiyo a inda take taɓa ƙarfe.

Maratayin kebul da holda

Kebul a ƙusa ko siririn rodi ake kashe shi, yana lanƙwashewa a wuri ɗaya kullum har robar ta tsage zaren tagullar ciki ya fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji wurin yana zafi in kana aiki. Maratayi mai faɗi ake so. Ka samu guntun fayif mai inci 4, tsawon kamar santimita 12, ka tsaga shi biyu ta tsawo, ka like rabi a gefen dama rabi a hagu bayansa na kallon sama, ka sa ɗan filet a baki ya tare kar kebul ya zame. Rabin tsohon rim na babur ma yana yi sosai in kebul ɗinka dogo ne. Ka goge duk wani kaifi da giranda har sai ka shafa da hannu baka ji komai ba. Na holda, wato abin riƙe ilaktirod, gefe ɗaya, na at ɗaya gefen, wayar da take zuwa soket kuma nata daban a baya, in ka haɗa su wuri ɗaya kullum da safe sai ka ɓata lokaci kana warwara. In zaka yi aiki mai nauyi ka sauke kebul ɗin gaba ɗaya ka miƙar da shi, kar ka ja mita biyu ka bar sauran a naɗe a jikin ƙarfe, naɗaɗɗen kebul yana tara zafi kuma yana taɓa ƙarfin wutar.

Holda kuma tana buƙatar wurinta na musamman wanda ba ƙarfe tsirara ba. Ka yi ƙugiya da rodi ka zura mata tiyo har ƙarshe, ko ka ɗaure guntun fayif na roba ka riƙa zura ta ciki. Dalili shi ne sau da yawa amalanken yana jingine da teburin da at yake kai, ka rataye holda da guntun ilaktirod a bakinta ta taɓa firam sai tartsatsi, in kusa da tukunya ne kuma abin ya wuce wasa. Ka saba cire guntun kafin ka rataye.

Ilaktirod

Wanda zaka yi aiki da shi yau daban, na ajiya daban. Na yau ka yanka fayif mai inci 2 guda biyu ko uku, tsawon kamar santimita 25 yadda kan ilaktirod zai leƙo ka kama, ka toshe gindinsu, ka like su a tsaye ko a ɗan karkace a jikin ƙafar gaba, ɗaya na geji 12 ɗaya na geji 10 ɗaya na sitenles ko na kas, wato ƙarfen zubi, in kana taɓawa. Ka huda ɗan rami a gindin dan ruwa ko gari ya fita, ka jefa guntun roba a ciki dan kar hodar bakin ta riƙa farfashewa in ka saka.

Na ajiya kuma maganar damshi ce. Da damina fakitin da aka buɗe aka bari kwana kaɗan ya isa ya sha ruwa, zaka gane shi da yawan tartsatsi da kama ƙarfe da 'yan ramuka a jikin waldar. Fayif ɗin roba na ruwa mai inci 3 ko 4, tsawon santimita 40, ka like murfi ɗaya da gam ɗaya kuma mai buɗewa, yana riƙe 6013 lafiya lau, ka rubuta gejin a jiki. In kana saye da yawa, mataccen firij ƙarami da ƙwan fitila irin na da mai zafi a ciki yana hana damshi. Amma 7018 da ake aikin nauyi da shi kamar tanki da ginshiƙi, wannan dabarar bata ishe shi ba, shi ana ajiye shi ne a oven ɗinsa a zafin da ya haura digiri 100, in baka da shi toh ka sayi daidai aikin ka buɗe a ranar. Ka rataye ɗan gwangwani a gefe na zuba guntaye, yana hana su huda takalmi da taya, kuma in ya cika 'yan gwangwan zasu saya.

Durowa da ƙananan kaya

A ƙarƙashin shelf ɗin sama ka like ƙananan angul biyu masu inci ɗaya su zama layin da durowa zata bi. Ita durowar ka lanƙwasa ta da filet mai milimita 1 ko 1.2, zurfin santimita 10 zuwa 12, ka rage mata kamar milimita 5 a faɗi dan ta shiga ta fita ba gardama. Filet siriri baya son wuta, ka rage amfiya ka riƙa ɗigawa kana tsallakawa, ko ka huta ka sa ribit. Ka sa mata ɗan abin tarewa a baya kar a ja ta faɗo a ƙafa, da sakata ta kwaɗo a gaba. Ciki tef, alli, sikwaya, gilashin fuska na canji, sifana ta giranda, burushi. Gudumar ɓare ɓawon walda da burushin ƙarfe su kam a waje zasu zauna, guntun fayif biyu a gefen da hannunka na dama yake kaiwa ba tare da ka duba ba. Kilam kuma rodi ɗaya a kwance tsakanin ƙafafu biyu ya ishe su, ka riƙa maƙala su a jere. Hular walda ƙugiyarta a sama ta ɓangaren da tartsatsin giranda baya zuwa dan gilashin kar ya yi zane.

Giranda ka lanƙwasa falat ba kamar harafin U ta zauna a ciki faifan baya taɓa komai. Faifan ajiya kuma, ramin tsakiyarsu wajen milimita 22 ne, rodi mai 12 ko 16 a tsaye a shelf ɗin ƙasa da filet a gindinsa zai ɗauke su a kwance, na yanka daban na guga daban. Basa son damshi kuma basa son a danne su da kaya, sannan ka duba zoben ƙarfen tsakiya, yawanci akwai kwanan watan ƙarewa a buge a wurin, wanda ya wuce ko ya tsage ka karya shi ka yar kar yaro ya ɗauka ya ɗaura. Sai kuma wannan, duk da giranda tana zaune a jikin amalanken, ba a kusa da shi ake guga ba. Fankar inbata tana zuƙe garin ƙarfe ya kwanta a kan allon ciki ya haɗa wuta, ka tura amalanken gefe ka juya tartsatsin ɗaya wajen, kuma lokaci lokaci, barin ma da hunturu, ka cire soket ka bari ya jima sannan ka hure shi da busasshiyar iska.

In angul ya rage maka ka yi wa bango nasa, hannuwa uku ko huɗu masu tsawon santimita 40 a ɗan ɗage bakinsu sama, a ɗaure da bol mai shiga siminti, tazarar kamar mita ɗaya da rabi, dogayen ƙarafa su hau can su bar ƙasa. Ka tabbatar bangon bulo ne mai ƙarfi, in na ƙasa ne ko bulon ya ruɓe gara ka kafa masa ƙafafu a daɓe. Masu nauyi a layin ƙasa.

Fenti da gwaji

Ka sauke komai, ka ɓare ɓawon walda tas, ka bi da burushi, ka goge kaifi, ka share mai da tsumma da tinna a nesa da wuta. Jan fenti na hana tsatsa da farko, ya bushe, sannan kalar da kake so, ni dai na fi son mai haske dan in ƙaramin abu ya faɗa a shelf ka gan shi. Kar ka shafa a gatarin taya da layin durowa.

In ya bushe kar ka fara da injinka. Ka ɗora bulo ko buhun yashi da ya kai nauyin kayan, ka tura shi ka haura bakin ƙofa ka sauko, ka juya shi da sauri hagu da dama, ka taka birki ka jijjiga. Sai ka ɗaure tukunya ita kaɗai ba komai a gaba, wani ya riƙe ta, ka ɗan danna bayan ka gani ko gaban yana ɗagawa. In yana ɗagawa ka sauke ta ka matsar da gatarin baya ko ka like ƙarfe mai nauyi a ƙasan gaba. In taya ɗaya tana lilo ka ƙara wasa tsakanin kasta da filet ɗinta har huɗun su taka ƙasa. Bayan sati ɗaya da fara aiki ka bi bol ɗin kasta ka sake ɗaurewa, girgiza tana sassauta su, in kana da noti mai roba a ciki ka canza da shi.